An ƙara mini albashi: za a goge iyalina daga tallafin gwamnati?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni mai gadi ne a wata makarantar kuɗi a Kano. Na daɗe ana biyana naira 30,000 a wata, kwanan nan aka mayar da shi 55,000. Wallahi maimakon murna sai hankalina ya tashi. Sunan maiɗakina yana cikin rajistar tallafi tun lokacin da aka zo unguwarmu aka rubuta, ta taɓa samun 25,000 sau ɗaya. Wani mutum a layinmu mai yi wa jama'a cike-ciken fom ya ce tunda an haɗa NIN da banki, duk gidan da sama da 30,000 ke shiga asusunsa a wata, kwamfuta za ta goge su. Ya ce in roƙi makaranta ta riƙa tura albashina asusun wani, in kuma kawo masa BVN ɗin matata da naira 5,000 ya "kulle" sunanta. Ya ƙara da cewa ɗana da ya samu gurbi a jami'a ba zai samu bashin karatu ba, don albashina ya haura 500,000 a shekara. Mu tara ne a gidan, kuma wannan 55,000 ɗin ba ta kai mu inda 30,000 take kai mu a da. Don Allah me zan yi?

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka. Kafin komai, kada ka ba mutumin nan ko kwabo, kada ka ba shi BVN ɗin maiɗakinka, kuma kada ka taɓa asusun albashinka. Sauran bayani zai biyo baya, amma ko nan ka tsaya da karatu ka samu abin da ya fi muhimmanci.

Bari in fara da maganar ɗanka, don ita ce mai sauƙi. Mutumin bai ƙirƙiro adadin 500,000 daga kansa ba, tsohon labari ne yake sayar maka. Dokar bashin karatu da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ce lallai kuɗin shigar ɗalibi ko na gidansu ya gaza naira 500,000 a shekara, ta kuma nemi masu tsaya wa ɗalibi mutum biyu, irin babban ma'aikacin gwamnati ko lauyan da ya daɗe a aiki. A lokacin mafi ƙarancin albashi 30,000 ne, wato 360,000 a shekara. Ka ga idan uba masinja ne uwa kuma mai shara ce, dukansu a matakin ƙarshe, sun tashi da 720,000, ɗansu ya faɗi. An yi ta surutu a kai, aka soke dokar, aka kawo sabuwa a watan Afrilun 2024, wadda ta cire sharaɗin kuɗin shiga da na masu tsayawa gaba ɗaya. Asusun NELFUND, mai ba da bashin karatun, ya buɗe shafinsa a watan Mayun 2024. In dai makarantar ta gwamnati ce, ɗanka ya shiga shafin da kansa da lambar JAMB da NIN da BVN ɗinsa. Ba a tambayar takardar albashin uba, ba kuma a biyan kowa kuɗin cikewa. Ya dai sani bashi ne, ana fara biya shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa.

Sai maganar rajista. Abin da ya kamata ka gane shi ne rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa, wadda ofishin NASSCO ke kula da ita tare da ofisoshin SOCU na jihohi, ba a gina ta a kan layin albashi ba. Ka tuna yadda aka rubuta ku. An zo unguwa, an zauna da maza daban, mata daban, matasa daban, aka ce ku faɗi wane ne talaka a wurinku, aka fitar da sunayen gidaje. Daga baya masu ƙidaya suka zo da na'ura suna tambaya: rufin ɗaki na mene ne, daɓen siminti ne ko ƙasa, ina ake ɗebo ruwa, da me ake girki, mutum nawa ke cin tukunya ɗaya, mai gida ya yi karatu zuwa ina, akwai babur ko firji. Da waɗannan amsoshi ake ba gida maki a jera shi. Dalilin bin wannan doguwar hanya a fili yake: mafi yawan mutanenmu ba su da albashi. Manomi da mai tura baro da mai ƙosai ba su da takardar biya da za a duba. To ta ina layin 30,000 zai fito a tsarin da aka yi shi musamman saboda ba a iya auna kuɗin shigar mutane?

Haɗa NIN da BVN kuwa ya yi ƙarfi ne bayan abin da ya faru a watan Janairun 2024, lokacin da aka dakatar da ministar jin ƙai tare da shirye-shiryen tallafin saboda zargin karkatar da kuɗi. Dalilin da gwamnati ta bayar shi ne a tabbatar mai sunan mutum ne na gaske, ba sunan bogi ba, kuma kuɗin ya faɗa hannunsa kai tsaye. Tantance mutum ke nan. Babu wata sanarwa ta hukuma da ta ce alat ɗin 31,000 yana goge gida.

Kuma ko da za a auna ku da ma'aunin kuɗi, zo mu yi lissafi. A binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi na 2018 zuwa 2019, layin talauci shi ne naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, wato wajen 11,450 a wata, kuma kashi 40 cikin ɗari na 'yan ƙasa suna ƙasa da shi. Ku tara ne. Raba 55,000 gida tara, kowa ya tashi da 6,100 da 'yan kai. In albashin nan ne kaɗai abin da ke shigowa gidan, ko da ma'aunin 2019, lokacin da litar fetur take 145, ba ku kai layin ba, balle yanzu. Abin da jikinka ya gaya maka gaskiya ne. A 2019 naira 30,000 tana sayen fiye da lita 200 ta fetur. A ƙarshen 2024, da lita ta kai wajen 1,000, sabon mafi ƙarancin albashi na 70,000 lita 70 yake saye. Kai ko 70,000 ɗin ma ba ka kai ba. (Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka ka ƙirga abokan aikinka kafin ka je wa mai makaranta da maganar.)

Yanzu bari in tsaya a kan abin da ya fi damuna a wasiƙarka, domin kusan kullum sai na gamu da shi: tunanin cewa hanyar tsare tallafi ita ce mutum ya ɓoye kansa. A ɓoye albashi, a ƙi karɓar ƙari, a daina ajiya a banki, a sa kuɗi a sunan wani. Na ga mai gadin da ya roƙi ubangidansa ya bar albashinsa yadda yake. Na ga matar da ta daina karɓar kuɗin ɗinki ta asusunta ta koma na maƙwabciya. Duk a kan jita-jitar da ba wanda zai iya nuna maka takardarta.

Ka dubi abin da kake shirin karewa. Tallafin da aka ƙaddamar a watan Oktoban 2023 naira 25,000 ne sau uku, ga gidaje miliyan 15. Jimla 75,000, shi ke nan. Ba albashi ba ne, ba a yi alkawarin zai ci gaba har abada ba, kuma zama cikin rajista ba ya nufin dole a biya ka, rajistar jerin sunaye ce da shirye-shirye daban-daban ke ɗiba daga ciki. Maiɗakinka ta samu kashi ɗaya, abin da ya rage mata in an biya duka 50,000 ne. Albashinka na shekara 660,000 ne. Za ka jefa 660,000 cikin haɗari don kare 50,000 da ba wanda ya ce zai taɓa ta? Wannan ai shi ne garin neman gira a rasa ido.

Kuma haɗarin ba na wasa ba ne. Ranar da albashinka ya fara shiga asusun wani, a idon banki kuɗinsa ne. In ya ci bashi a wani banki ya kasa biya, akwai tsarin da Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da shi a 2020, wanda ya ba banki damar ya ciro kuɗinsa daga duk asusun da ke rataye da BVN ɗin mai bashin. Albashinka zai shiga da safe ya fita da rana, ba ka da bakin magana. In Allah ya yi masa rasuwa, abin da ke cikin asusun ya shiga lissafin gado, sai ka tsaya gaban magada kana rantsuwa. In kun yi saɓani, sai abin da ya ga dama ya ba ka. Sannan ka goge wa kanka shaida. Gobe makaranta ta sallame ka ta riƙe maka wata uku, da me za ka nuna kana aiki a wurin? Takardar shige da ficen asusunka ita ce shaidar da talaka yake da ita, ba shi da wata.

Na BVN ɗin maiɗakinka ya fi muni. Babu wani abu wai shi "kulle suna". Mai cika fom a bakin titi ba shi da hanyar shiga rajistar ƙasa, ba zai iya sa suna ba, ba zai iya cirewa ba, ba zai iya kullewa ba. Abin da zai iya yi da BVN da NIN da lambar waya shi ne ya buɗe asusun waya da sunanta, ya ci bashi a manhajojin bashi da sunanta, ko ya sauya inda kuɗin tallafin zai faɗa. Yawanci bayan kwana biyu zai dawo ya ce, "Hajiya, za a turo miki wasu lambobi a waya, ki karanto mini in ƙarasa aikin." Waɗannan lambobi su ne mukullin. Da ta karanta, an gama. In aka yi rashin sa'a asusun da aka buɗe da sunanta aka wuce da kuɗin damfara ko na fansa ta cikinsa, jami'an tsaro ba su san mai fom ba, sunan da ke kan takarda za su nema. Matar da ba ta taɓa fita unguwa ba sai ta tsinci kanta tana amsa tambaya a kan miliyoyin da ba ta taɓa gani ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne waɗannan mutane ba baƙi ba ne. Ɗan unguwa ne, ana sallah sahu ɗaya da shi, yana kiran matarka "Yaya". Ya san tsoron da ke zuciyarka, shi yake sayarwa. Yau 30,000 ce iyaka, gobe in an ƙara albashi zai ce 50,000, jibi zai ce sabuwar dokar haraji za ta yanki duk abin da ya shiga asusu. Ita ma wannan ƙarya ce. Dokar harajin da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara, kai kuwa 660,000 kake samu. Ka tambaye shi abu ɗaya: a wace takarda ya gani? Sai ya ce "wani na ciki" ya gaya masa. Na cikin nan ba shi da suna, ba shi da ofis, amma kullum yana bukatar 5,000. Haka saƙonnin WhatsApp masu cewa "an buɗe sabon shafi, yi maza ka cika kafin a rufe". Rajistar nan ba a shiga ta ta hanyar danna adireshin da aka turo a zauren WhatsApp.

Akwai kuma ɓangaren da ba na so in tsallake. In wata rana masu sabunta rajista suka zo suka tambaye ku halin gida, ku faɗi gaskiya. In Allah ya buɗa har kuka fi maƙwabtanku, aka ga wani gidan ya fi ku bukata, ba zalunci aka yi muku ba. Wanda ya ɓoye babur a gidan ƙaninsa ranar ƙidaya, haƙƙin wata bazawara mai marayu ya ci, ko ya sani ko bai sani ba. Amma a yadda ka kwatanta gidanka, ba ka da abin ɓoyewa. Gaskiyarka ma ita ce hujjarka.

To amma kada in ɗora laifin duka a kan mai fom. Jita-jita tana samun wurin zama ne inda hukuma ta yi shiru, kuma tsoronka yana da tushe: a ƙasar nan mun saba rubuta adadin naira a cikin doka mu tafi mu bar shi. Dubi taimakon lauya kyauta. Tsohuwar dokar Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ce sai wanda kuɗin shigarsa bai wuce naira 5,000 a shekara ba. Adadin ya zauna a littafi har ya zama abin dariya, har ya kai in za a bi shi sau da ƙafa kusan babu mai aikin yi da zai cancanta. Sai a 2011 aka gyara, kuma gyaran mai hankali ne: aka daina ambaton adadi, aka ce wanda kuɗin shigarsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba. Da albashin ya tashi daga 18,000 zuwa 30,000 a 2019, layin ya bi shi. Da ya koma 70,000 a watan Yulin 2024, ya sake binsa, ba tare da majalisa ta zauna a kan dokar ba. Kai ma, Allah ya kiyaye, in shari'a ta same ka, da albashinka na 55,000 kana cikin waɗanda dokar ta tanada.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Nisabin zakka dinari 20 ne, ba a taɓa cewa naira kaza ba. Shi ya sa hukumomin zakka na jihohi suke fitar da sabon adadinsa a naira lokaci zuwa lokaci, tare da mafi ƙarancin sadaki da diyya, gwargwadon farashin zinare. Ba wanda ya taɓa cewa an sauya hukunci. Ma'aunin yana nan, naira ce take motsi. Abin da malaminmu na zaure ya sani tun da can, shi ne masu rubuta doka suka manta a 2023 da suka kafe a kan 500,000 ana tsakiyar cire tallafin mai.

Ko ɗaure layi da mafi ƙarancin albashi ma bai gama magance matsalar ba. A 2024 Jihar Kano ta sa nata mafi ƙarancin albashin a 71,000. Ƙaramin ma'aikacin jihar ya haura layin tarayya na 70,000 da naira 1,000, kuɗin da bai kai mudun shinkafa ba, a rubuce ya fita daga sahun masu samun lauya kyauta, sai dai hukumar ta yi amfani da damar da doka ta ba ta ta duba shi a matsayin na musamman. Duk layin da aka ce wanda ke ƙasansa ya samu duka, wanda ke samansa da naira ɗaya ya rasa duka, zai koya wa mutane ƙarya da gudun ci gaba. Ƙasashen da suka daɗe a harkar sun gane haka. A Amurka ana sabunta layin talauci duk watan Janairu bisa tashin farashi, kuma tallafin abinci raguwa yake yi kaɗan-kaɗan yayin da samu ke ƙaruwa. A Brazil, da aka sake fasalin shirin Bolsa Família a 2023, an ce gidan da samunsa ya ɗan haura layi ya ci gaba da karɓar rabin kuɗin na wani lokaci, don kada uba ya ƙi aiki saboda tsoro. Ba sihiri ba ne, rubutawa aka yi aka sanar da kowa.

Mu kuwa matsalarmu ta fi ta layi. Kuɗin tallafin kansa ba ya motsi. Naira 5,000 a wata da aka fara bayarwa a farkon mulkin Buhari, wadda aka yi amfani da wani ɓangare na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su wajen biyanta, haka ta zauna shekara da shekaru kaya suna tashi. Bayanan gidaje kuma suna tsufa: wanda aka rubuta yana da shago yau ya karye, wanda ba a rubuta ba don a lokacin yana da rufin asiri yau ba ya iya ciyar da gidansa sau biyu. A watan Yulin 2023 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, inda gwamnoni ke zama, da bakinta ta nuna shakku a kan sahihancin rajistar. To in gwamna bai yarda da ita ba, kuma ba a taɓa zuwa rediyo an yi wa mai gadi bayani da Hausa a kan me ke sa a cire suna da me ba ya sawa ba, wa zai cike gurbin in ba mai fom ba?

Game da kashi biyun da maiɗakinka ba ta samu ba, in akwai abin da ya tsayar da su, abin da na fi gani shi ne saɓanin suna: a rajista an rubuta sunan gida, a NIN sunan yanka, a banki kuma an haɗa da sunan miji. Ko kuma layin wayar da aka bayar ya ɓata. Ku ɗauki takardar NIN ɗinta ku je sakatariyar ƙaramar hukumarku ku nemi jami'in da ke kula da rajistar tallafi da karɓar ƙorafi, ko ofishin SOCU na jiha. Ta je da kanta, kai ka raka ta. Ba a biyan kuɗi, in wani ya nema ku tambayi sunansa da ofishinsa.

In kuma kafin wasiƙar nan ta iso ni an riga an ba mutumin wata lamba, ko ta karanta masa wani saƙo da ya shigo wayarta, kada ku jira gobe. Ku je bankinta yau, ta gaya musu abin da ya faru, a sauya lambar sirrin katinta, ta kuma nemi a duba mata ko akwai wani asusu da aka buɗe da BVN ɗinta wanda ba ta san da shi ba.